Na zuba wa shukata ure, cikin kwana uku ta kwanta

Amaryar Yantala: Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema, tun jiya raina a ɓace yake. Akwai shukar nan mai yaɗo, mai ganye kamar zuciya da ɗigon rawaya, wadda masu garka na bakin gulbi a nan Yamai ke kira potos. Wata takwas tana cikin kwalbar ruwa ta litir ɗaya da rabi a tagar falona, ta yi tsawo har na ɗaura mata zare ta bi saman labule. Kwanan nan ganyenta na ƙasa ya fara yin rawaya. Maƙwabciyata ta ce yunwa ce, ta ɗebo mini farin taki, ure, irin na gona. Ranar Lahadi na zuba cokali ɗaya na cin abinci. Talata ganye ya yi laushi, jiya ruwan ya fara wari, saiwar ta yi baƙi tana saɓulewa a hannu. Innata ce ta ba ni ita ranar da na tare, shi ya sa abin ya tsaya mini. Akwai sauran dabara?

Tanti ta Bukoki: Wa alaikumus salam ɗiyata. Tashi yanzu, kada ki jira sauran amsa. Zubar da ruwan nan, ki wanke kwalbar da sabulu ki ɗauraye sosai. Saiwar da ta ruɓe ba ta dawowa, ki manta da ita. Ki duba jikin yaɗon daga sama, inda yake da ƙarfi da kore, ki yanka guntaye, kowane da ganye biyu ko uku. A ƙarƙashin kowane ganye akwai ɗan ƙulli kamar ƙurji, daga nan sabuwar saiwa take fitowa. Ƙullin ya nutse cikin ruwa, ganyen ya zauna a waje. Cikin sati biyu zuwa uku za ki ga farin zare, in Allah ya yarda.

Amaryar Yantala: Na gode Tanti, yanzu na yanka. Guda biyar na samu masu kyau. Amma me na yi ba daidai ba? Ai taki abinci ne.

Tsohon Malamin Gona: Ɗiyata, abinci ne, amma bari in yi miki lissafin abin da kika zuba, don kowa a nan ya amfana. Ure kashi 46 cikin ɗari nasa sinadarin nitrojin ne, shi ne mafi ƙarfi a cikin takin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Cokalin cin abinci yana ɗaukar kamar giram 10. Wato giram 4 da rabi na nitrojin kika narka a litir ɗaya da rabi. Shukar da ke cikin tukunyar ƙasa, abin da ya dace da ita bai wuce miligiram 150 a litir ba. Naki ya kai wajen 3000, ninki ashirin ke nan, kuma ba a ƙasa ba, a ruwa tsagwaronsa inda babu abin da zai tare wa saiwa.

Abu biyu suka same ta. Na farko, taki gishiri ne. In ruwan da ke kewaye da saiwa ya fi na cikinta gishiri, ruwa fita yake daga saiwar maimakon ya shiga, kamar yadda albasa ke zubar da ruwa in kin barbaɗa mata gishiri. Shuka tana cikin ruwa tana mutuwa da ƙishi. Na biyu, ure in ya kwana a ruwa mai ɗumi yana juyewa amoniya, warin nan mai kama da na fitsari, kuma ita ma tana ƙona saiwa.

Ko a gona ba haka ake yi ba. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, kan hanyar Say, sun koya wa manoman hatsi dabarar taki kaɗan: giram 6 na takin zamanin nan da ake kira 15-15-15 a ramin shuka, cikin marfin kwalbar lemo ke nan. Ramin gero guda, a fili, ƙarƙashin rana da ruwan damina, da giram 6 yake tashi. To ina ga ɗan yaɗo a falo?

Ɗan Ader: Ni dai Malam, da girmanka, ban yarda a kawo takin zamani cikin ɗaki ba ko ƙwara guda. Mu nan Tawa kashin awaki muka sani. Uwayenmu sun shuka na'ana'a da ɗoɗɗoya cikin fasasshen tulu shekara da shekaru, ba su san wani 15-15-15 ba, kuma hurensu bai mutu ba. Wanga abu da ya samu ƙanwarmu, da takin gida ne ba ya hwaruwa.

Tsohon Malamin Gona: Da ya faru, ɗana, har ya fi haka. Jefa kashin akuya cikin kwalbar ruwa ka gani. Kwana biyu ruwan ya ruɓe, iskar da saiwa ke shaƙa ta ƙare. A tukunyar ƙasa kuwa ina tare da kai, takin dabbobi ya fi, da sharaɗin ya ruɓe tukuna. Ɗanyensa yana ƙona saiwa kamar ure, yana kiran gara, yana kawo irin ciyawa. Na kaji ya fi kowane zafi.

Ɗan Ader: Wannan gaskiya ne, ɗanye ba a sa shi. Ni cikin rami nika tara shi, in yayyafa ruwa, in juya duk sati biyu, sai ya yi wata ukku ko huɗu. In ka damƙa ya zama baƙi, ya ruguje, yana ƙamshin ƙasar da ruwan hwari ya daka, to ya nuna. In har kana gane ƙwarar kashin ko kana jin zahi a hannunka, bai yi ba. Amma Malam, mi za ka ce game da fosfat ɗinmu na Tawa? Dutsen ƙasarmu ne, ba na masana'anta ba.

Tsohon Malamin Gona: Fosfat ɗin Tawa abu ne mai daraja, an daɗe ana gwada shi a gonakin ƙasar nan. Sai dai garin dutse ne, a hankali yake narkewa, kuma sai a ƙasa mai ɗan tsami da danshi. A gona amfaninsa yana bin shekaru. A tukunya za ka iya cuɗa ɗan kaɗan lokacin haɗa ƙasa, ba zai cutar ba. A kwalbar ruwa zai kwanta a ƙasa kawai kamar yashi.

Maman Ƴan Biyu: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Kullum ina zuba wa nawa ragowar shayi da ruwan wankin shinkafa, an ce suna da kyau. Amma kiyashi ya cika tukwanen, kuma wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi in na taɓa ƙasar.

Tanti ta Bukoki: Shayinmu na nan da ake dafawa da sukari sau uku? Ai kiyashi ke kika gayyato shi. In za ki yi amfani da ganyen, ki wanke shi ki shanya, ko ki kai shi ramin taki ya ruɓe da sauran shara. Ruwan shinkafa ba laifi sau ɗaya a sati, na wankin farko, marar gishiri. Kullum ya yi yawa, ƙasa tana yin tsami da fumfuna. Ƙudajen nan kuwa shaida ce ƙasarki ba ta taɓa bushewa. Ki bar ta har yatsanki ya shiga gaɓa biyu ya fito a bushe kafin ki sake ban ruwa, za su tafi da kansu.

Shekara ta wuce ashirin ina wannan abu, kuma shukar da na gani ta mutu da yunwa a gidajen mutane ba ta kai wadda ruwa ya kashe ba, ko kusa. Mace ta ga ganye ya sunkuya da zafin Afrilu sai ta ƙara ruwa, gobe ta ƙara, alhali saiwar ce ta riga ta ruɓe a tukunyar roba marar huji. Ni duk tukwanena na ƙasa ne. Ranar Laraba nake zuwa kasuwar Bubon, kan hanyar Tilaberi, in zaɓo su a hannun matan da ke gina su, in sa a huda mini gindi. Tukunyar ƙasa tana numfashi, tana sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Baƙar roba a baranda da azahar, ki taɓa ta ki ji, dafa saiwa take yi.

Maman Ƴan Biyu: Tanti wace ƙasa kike zubawa? Tawa ta tsakar gida ce, in ta bushe sai ta zama kamar bulo.

Tanti ta Bukoki: Kwano biyu na ƙasar garka, ɗaya na yashi mai tsakuwa, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, sai tafi biyu na dakakken gawayi. In kin samu buntun shinkafa wajen masu casa na Saga ko Kirkisoy, ki babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, ki haɗa. Yana sa ƙasa ta saki jiki. Toka kanta kada ki yawaita, kanwa gare ta.

Injiniya Kwara Kano: Malam, ka hana ure, mun ji. Amma ba ka faɗi abin da za a ba ta ruwan ba. Potos ɗin ƙanwarmu ai da gaske ta fara rawaya kafin a zuba komai. Wata takwas a ruwan famfo kaɗai, dole abinci ya ƙare.

Tsohon Malamin Gona: Tambaya mai kyau. A fara duba wane ganye ne ya canza. In tsoho ne na ƙasa, ɗaya ko biyu, tsufa ne kawai. In tsofaffin da yawa suka koɗe gaba ɗaya kuma sabon ganye yana fitowa ƙarami, nitrojin ne ya yi kaɗan. In sabon ganye ne ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suna kore, sinadarin ƙarfe ne ba ya samuwa, kuma wannan ya fi faruwa inda ruwa ke da kanwa. Jefa tsohuwar ƙusa ba ya maganinsa sosai, domin tsatsa ba ta narkewa ta yadda saiwa za ta sha.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Cokalin shayi ɗaya, a shafe, na 15-15-15 a bidon mai litir 5. A bar shi ya kwana, a girgiza, a tace garin da ya kwanta. Wannan na tukunyar ƙasa ne, sau ɗaya a wata, kuma bayan an jiƙa ƙasar da ruwa zalla, ba a kan busasshiya ba. Na kwalba kuwa, kofi ɗaya na wannan haɗin a kofi uku ko huɗu na ruwa, sau ɗaya a wata, bayan sati a zubar a koma ruwa zalla. Yankan da ba su yi saiwa ba, kamar na ɗiyarmu, ba a ba su komai.

Kuma taki ba ya maye gurbin haske. Shukar da ke lungu mai duhu ba ta iya cin abin da aka ba ta, sai ya taru ya zama farin ɓawon nan a bakin tukunya. In kun gan shi, ku fitar da tukunyar tsakar gida ku kwarara mata ruwa har ya yi ta zuba ta ƙasa.

Injiniya Kwara Kano: Madalla. Ni kuma in ƙara maganar ruwa. Namu na famfo daga kogin Isa yake, ana tace shi a Gudel a sa masa kulorin don lafiyarmu. Ga mutum alheri ne, amma wasu shuke-shuke ba sa son sa, musamman sandar nan da ake sayarwa a murɗe ana ce mata gorar sa'a. Ba gora ba ce ma, dangin darasena ce, asalinta tsakiyar Afirka. Bakin ganyenta ne ke fara ƙonewa. Ku tara ruwa a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya, kulorin zai fita. Abin da ya fi shi ne ruwan da ke ɗiga bayan na'urar sanyaya ɗaki. Kusan babu gishiri a cikinsa, kuma yawancin gidaje a ƙasa yake zuba. Da damina bokiti guda nake tarawa a yini. Ba na sha ba ne, na shuka ne.

Ɗan Ader: Mu da ba mu da na'ura, ruwan sama muka tarawa cikin tano. Ruwan rijiyar unguwarmu yana barin hwarin tabo ko ga buta, ina ga hure.

Baban Talaje: Ku gafarce ni, zan faɗi abin da ba za a so ba. Mutane a unguwarmu suna bin ƴan garuwa da kuɗi a hannu da zafi, ku kuma kuna shayar da ganyen da ba a ci. Wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi damuna: ruwa a ajiye cikin ɗaki gidan sauro ne. Bara na kwana huɗu a likita da ɗana saboda zazzaɓin cizon sauro. Ba zan yarda da kwalbar ruwa a ɗakin da yarana ke kwana ba, ko da zinariya za ta tsiro a ciki.

Malamar Asibiti: Baba, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma bai kamata a wuce ta ba. Da zafin garin nan, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi sati ɗaya ne zuwa kwana goma. Sauron maleriya ya fi son kududdufai na waje, amma akwai mai zanen fari da baƙi a ƙafa, wanda ke kawo zazzaɓin dengi, shi ruwa mai tsabta na cikin gida yake nema: kwalba, faranti a ƙarƙashin tukunya, tsohuwar taya. Kun ji abin da dengi ya yi a Wagadugu da Bobo a 2023. Ƙwansa a jikin kwalba yake liƙewa, saman ruwa kaɗan, kuma yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Saboda haka ƙara ruwa a kan tsoho bai isa ba, zubarwa kaɗai ma bai isa ba. Duk kwana biyar a juye, a goge cikin da soso, a sake sabo. Bakin kwalbar a toshe da auduga ko soso kewaye da karan. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, ya dasa shukarsa a ƙasa, ya fi masa.

Tanti ta Bukoki: Alhaji, kan maganar ruwa kuma. Tukwane goma sha huɗu gare ni, ban taɓa buɗe famfo dominsu ba. Ruwan alwala nake tarawa a roba, da na ɗaurayar salati da tumatir. Kuma rabinsu ana ci: na'ana'a, ɗoɗɗoya, sitronel, albasa mai ganye. Sauran, kamar moda da alobera da kariya, kofi ɗaya a sati biyu ya ishe su. Mijina ya rasu shekara shida ke nan, yara sun watse, da asuba tukwanen nan nake fara dubawa bayan salla. Ban ɗauke su almubazzaranci ba.

Baban Talaje: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Na ji ta ruwan alwala, ban yi tunanin haka ba. Ta sauro dai ina nan kan bakana.

Ɗalibin Harobanda: Tunda ana maganar ruwa, ni ƙaramin tafki nake so in yi a falo cikin babbar tasa, da kifi. Na ga wata shuka a bakin gulbi ƙarƙashin gadar Kennedy, tana yawo a kan ruwa, ganye mai sheƙi da fure ruwan shuni, kyakkyawa ƙwarai. Kainuwa ce? In ɗebo?

Tsohon Malamin Gona: Kada ka ɗebo, ɗana. Kainuwa ta asali, wadda ake wa kirari dashen Allah, ita ce mai kama da kan salati, mai laushin gashi. Wadda ka gani baƙuwa ce daga Amurka ta Kudu, Faransawa na ce mata jasent. Don kyawun furen nan aka yaɗa ta a duniya, yau ita ce ke toshe hanyar jirgin masunta da magudanan gonakin shinkafa. In ta samu wuri, cikin sati biyu tana iya ninka kanta. Za ta cika maka tasa, ka gaji ka zubar a lambatu, damina ta kai ta wani tafki. Kuma a falo ma ba za ta yi fure ba, rana take so. Bado ma haka, sai ya samu kamar awa shida na rana. Wurinsa tsakar gida.

Injiniya Kwara Kano: Ina da irin wannan tafkin shekara uku, a rabin tano a baranda. Ga abin da na koya. In akwai kifi, babu taki, ko ɗigo. Kashin kifin shi ne takin, amoniyar ure kuwa kashe su take cikin dare. Ka nemi ƙananan nan masu wutsiya mai launi, gupi, wajen masu sayar da kifin ado. Suna cinye tsutsar sauro, wanda zai kwantar wa Baba hankali. Kada ka sa tarwaɗa ko ƙarfasa, suna girma su tumɓuke komai su dagula ruwa. Yashi wankakke a ƙasa, potos da dankali a gefe saiwarsu a ruwa ganye a waje. Duk sati ka ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu ka mayar da ruwan da ya kwana. Abinci sau ɗaya a yini, abin da za su cinye cikin minti biyu. In ruwa ya koma kore da gansakuka, abu biyu ne: abinci ya yi yawa ko rana tana dukansa kai tsaye.

Ɗalibin Harobanda: In an ɗauke wuta fa? Ba ni da injin iska.

Injiniya Kwara Kano: Ni ma ba ni da shi. Tasa mai faɗin baki, kifi kaɗan, biyar ko shida. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa, don haka a Afrilu da Mayu ka janye ta inuwa. In ka gan su a sama suna haki, ka canza rabin ruwan nan take.

Malamar Asibiti: Abu ɗaya kafin in tafi aiki, don masu ƙananan yara. Potos da babbar nan mai faɗin ganye da farin zane, difenbakiya, in yaro ya tauna suna ƙona baki, harshe ya kumbura. Kariya kuwa ruwan jikinta guba ne, tun da can an san ta da haka. A rataye su sama, a wanke hannu bayan yanka. Takin ma a ɓoye, ure da sukari kamanninsu ɗaya a idon yaro.

Maman Ƴan Biyu: Innalillahi, potos ɗina a ƙasa take kusa da tabarmarsu. Yanzu zan ɗaga ta. Tanti, wani farin abu kamar auduga kuma a hammatar ganye, shi ma ƙura ce ta hunturu?

Tanti ta Bukoki: Ba ƙura ba ce, ƙwaro ne mai tsotsa, kuma kiyashin nan naki shi ke kiwonsa. Ki goge shi da tsumma da ruwan sabulu kaɗan. In ya dawo, ki daka ƴaƴan dogon yaro tafi ɗaya, ki jiƙa a litir ɗaya ya kwana, ki tace ki fesa da yamma, ba da rana ba. Ƙurar hunturu ita ma a riƙa share ta da jiƙaƙƙen tsumma duk sati, tana toshe ganye. Da sanyi kuma ni ba na ba da taki sam, sai iska ta juya sun fara sabon toho.

Ɗan Ader: Malam, na gwada ma'auninka ga tukunya guda ta na'ana'a, guda kuma na bar ta da takin awaki. Wata biyu in kawo hoto, a gani.

Tsohon Malamin Gona: Haka ake yi. Ka ajiye su wuri ɗaya, ruwa ɗaya, don kada rana ta yi mana alƙalanci.

Amaryar Yantala: Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana goma sha tara. Cikin biyar ɗin, huɗu sun yi saiwa, mafi tsawo ta kai yatsa. Ɗaya ya ruɓe tun satin farko, ina jin na yanka shi kusa da inda ya lalace. Ina canza ruwa Litinin da Juma'a, ina goge kwalbar, na toshe bakin da auduga kamar yadda Malama ta ce. Biyu zan dasa a ƙasa, na riga na sa a kawo mini tukunya daga Bubon. Sauran uren na mayar wa maƙwabciyata na masararta. Tanti, tsawon nawa saiwar za ta kai kafin in dasa?

Tanti ta Bukoki: Alhamdu lillahi ɗiyata. Yatsa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa, kada ki bari ta yi tsawo, saiwar da ta saba da ruwa tana wahala a ƙasa. Ki dasa da yamma, ki riƙe ƙasar da danshi sati biyu na farko, taki kuma sai bayan wata ɗaya. In Innarki ta zo, ki ba ta ɗaya daga cikin na kwalbar.